Izgar Gogen Tekna

Iferwan, 9 ga Janairu, 1987

Zuwa ga taubashina Emud,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Yaya aikin gadi, yaya zaman Yamai, yaya ƙafar nan taka da aka ce tana kumbura? Mu nan lafiya lau. Alkama ta yi kyau a garkar ɗana Ilyas, awaki bakwai suka rage mini, biyu sun haihu. Gwiwoyina ne dai suka ƙi ni, in na durƙusa sai na nemi abin dafawa.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, don rabon da mu gaisa tun kafin rasuwar Inna Bossa. Ba ka samu zuwa ba, na san hanya da nisa. Dangantakarmu ma sai an zauna an warware ta, kakarka da kakana ne ciki ɗaya. Amma shekara biyu ka yi a bukkarmu kana shan nonon awakin Inna lokacin kana ɗan yaro mai majina, saboda haka ina da ta cewa a kanka.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kada ka yi dariya, ko kuwa ka yi abinka, ai ba na ganinka. Anzad nake koyo, gogen nan namu na mata. Ni Tekna, mai shekara hamsin da huɗu da jika biyar, kullum da hantsi sai in sallami awaki in tafi wurin tsohuwa Tamumun, in zauna gabanta da goge a cinya. Ka tuna ta? Ƙawar Inna ce, mai haƙori ɗaya da zafin baki. Haƙorin ya faɗi, bakin yana nan. Wata huɗu ke nan ina zuwa. Ina kai mata cuku da sukari, tana ba ni aron gogenta haɗe da zagi. Jiya ta ce, "Ke 'yar nan, goge ne wannan, ba hantsar akuya ba. Sassauta yatsun!" 'Yar nan fa, ka ji, da furfurata.

Ba sha'awar kiɗa ce ta kama ni da tsufa ba. Taken nan nake so, wanda Inna ta tsara wa Baba shekarar da ya fara bin ayarin gishiri zuwa Bilma. Tun da ya rasu ta rataye gogenta, har gara ta cinye shi a rataye. Ni kuwa ina can Timiya gidan miji ina fama da goyo, ban taɓa cewa ta koya mini ba, na ɗauka kullum tana nan. Yanzu duk duniya mutum ɗaya ce take da shi a yatsunta, ita ce Tamumun, kuma ta haura tamanin. In na ji shi zan gane, amma in na ce zan tayar da shi da kaina sai ya watse mini.

Tamumun ta rantse ba za ta ba ni shi a gogenta ba. Ka san ƙa'idar, taken gida ba a ɗaukarsa a gogen aro, sai mace ta ɗaura nata. Na samu ƙwarya, na jeme fatar ɗan akuya na shimfiɗa mata, na lanƙwasa itacen baka. Izga ce babu. Tun farin nan da ya wuce babu doki ko ɗaya a kwarinmu. Na aika Agadas sau biyu, aka ce 'yan da suka rage an kai su kudu neman ciyawa.

An ce Yamai da dawaki. Ka samo mini izgar wutsiyar ingarma mai rai, tsawon kamu biyu, kaurin babban yatsa, za ta ishi tsarkiya da baka. Ban da ta goɗiya, fitsari yana ɓata ta. Ka naɗe a tsumma ka ba direban Agadas, a ajiye wurin Silman mai albasa, shi yake shigowa nan da motarsa.

Taubashiyarka,
Tekna


Yamai, 22 ga Fabrairu, 1987

Zuwa ga Yaya Tekna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gaida Ilyas da matarsa da jikoki. Ƙafa da sauƙi, sai in na daɗe a tsaye. Takardarki ta yi fiye da wata a hanya.

Na karanta inda kika ce ban zo ba, sau ba adadi. Kin ce kin san hanya da nisa, amma na gane abin da ke ƙarƙashin maganar, kuma gaskiyarki. Ranar da labarin rasuwar Inna ya iso ni an yi kwana ashirin da binne ta, ga maigidan da nake wa gadi ya yi tafiya ya bar mini gida. Na zauna bakin ƙofa na ja amawali har ido, kwana biyu ban sa komai a baki ba. Ban rubuto ba don ban san da wane ido za ki karanta ba.

Batun goge kuwa, na yi dariya har mai wankin gidan ya leƙo ya ga ko lafiya. Ke da in kika ɗauki waƙa awaki ke tsinke igiya! Allah ya ba Tamumun haƙuri, ya ninka mata lada.

Ni dai shekara tara ke nan ina buɗe ƙofa ina rufewa. Mota ta shiga, mota ta fita, in ce sannu da zuwa, in ce a dawo lafiya. Na gaji, Tekna, irin gajiyar da barci ba ya sauke ta.

Izga kuma, ai zamani ya wuce nan. Na je bakin kogi wurin masunta na sayo miki igiyar roba da suke ɗaura wa ƙugiya. Masu molon garin nan duk da ita suke aiki. Ba ta tsinkewa, ruwa ba ya ɓata ta, gara ma ba ta da haƙorin cin ta. Ga ta nan, ta ishi mata goma.

Ƙanenki,
Emud


Iferwan, 25 ga Maris, 1987

Emud,

Muna lafiya, da fatan kai ma haka. An yanke alkama. Ƙaramar jikata ta yi ƙyanda, ta warke.

Da farko dai, babu komai a ƙarƙashin maganata. Na ce hanya da nisa don hanya da nisa. Da ina da faɗa da kai da ka ji shi tun layin farko, ka san ni. Inna ta ambace ka da alheri har ƙarshe, ka sauke wannan daga kanka.

Igiyarka ta iso. Na kai wa Tamumun. Ta shinshina, ta ja, ta ɗaga ta ga rana.

"Wa ya aiko wannan?"

Na ce Emud ne, jikan Kawela.

"Wannan mai faffaɗan kunnen? Har yanzu bai yi hankali ba? Ce masa ya aiko da ƙugiyar ma, mu kama kifi a rijiyar garka."

Yanzu haka da ita take shanya cuku, ta ce a nan kam ka yi ƙoƙari. Ban ɓoye maka ba, na yanki kaɗan na ɗaura a gida in gwada. Na shafa ƙaro, na ja baka, sai ga ƙara irin ta tsohuwar ƙofar kwano. Roba ba ta riƙe ƙaro, Emud. Mai molo da yatsa yake kaɗawa, mu da gashi muke goga gashi.

Koyon yana ci gaba, in ana kiran wannan ci gaba. Tamumun ba ta bayani. Tana zama a bayana ne, ta ɗora yatsunta a kan nawa ta danna, in na kuskure ta ce "Sake." Kalmarta ke nan tun hantsi har rana ta take. Yatsuna sun saba da guga da taɓarya, sun yi kanta, ba sa jin inda tsarkiya take. Kafaɗata ta dama tana hana ni ɗaukar tulu. Ilyas ya same ni shekaranjiya yana sunkuyar da kai, ya ce, "Inna, a masallaci ana tambayata ko lafiya kike." Na ce ya ce musu ba ni da lafiya, su kawo mini sukari. Amma wata rana in ina dawowa a rana sai in tsaya ƙarƙashin bagaruwa in tambayi kaina wa ya aike ni. Sai in tuna babu wanda ya aike ni, kuma in na bari babu wadda za ta ɗauka.

Ƙananan take uku na iya yanzu, irin waɗanda ake ba 'yan mata. Na Inna yana jiran izga. Tamumun tana lafiya, sai ɗan nauyin hannu da safe, na tsufa ne. Don Allah ka daure ka samo.

Tekna


Yamai, 14 ga Mayu, 1987

Yaya Tekna,

Ina lafiya, da fatan kuna lafiya. Zafi ya yi yawa a nan, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. Na ji daɗin maganar Inna da kika faɗa mini, Allah ya jiƙanta.

Ki ce wa Tamumun kunnuwan suna nan, da su nake gadi.

Tun da kin ce tana lafiya hankalina ya kwanta, na bi abin a sannu. Na zaga kasuwa sau uku ranakun hutuna, na samu izga wurin wani mai kayan sirdi, irin ta korar ƙuda, na saya. Ya ce ta doki ce. Ki kwance ta daga marikin ki yi amfani da ita. In ba ta yi ba mu sake dubawa bayan Sallah.

Emud


Iferwan, 19 ga Yuni, 1987

Emud,

Gaisuwa. Mutanen gida lafiya.

Wutsiyar saniya ka sayo, an rina ta. Tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, in ka ja sai ta karye. Tamumun ba ta ma yi zagi ba, kallo ɗaya ta yi mata ta ajiye, wannan ne ya fi tsorata ni.

Bari in faɗa maka abin da ya kamata in faɗa tun Maris. Tamumun ba ta da lafiya. Na rubuta maka nauyin hannu don haka aka koya mana gaisuwa, ba a aika wa na nesa mummunan labari, ba a kuma ambaton mutuwa a kan mai rai. Tun lokacin baka yake suɓuce mata. Makon jiya ta faɗi a bakin bukkarta, yanzu ƙafar hagu ja take yi.

Na durƙusa na roƙe ta ta ba ni taken a gogenta, babu mai sani. Ta ce, "Uwarki ba ta ba ni shi ba sai da na ɗaura tawa izgar. Nan da 'yan kwanaki zan je in same ta. Me zan ce mata?"

Na gaji da roƙonta, na gaji da roƙonka. Wata biyar ke nan. In babu doki a Yamai ka faɗa mini in san inda na tsaya. In kuwa akwai, mene ne, Emud?

Tekna


Yamai, 27 ga Agusta, 1987

Yaya Tekna,

Ina gaisuwa. Ban san yadda takardar nan za ta same ku ba, Allah ya sa da sauran lokaci. Taki jiya ta iso hannuna. An ce motar Silman ce ta lalace, da ta tashi kuma ruwa ya yanke hanya, takardar ta yi ta zama a aljihunsa.

Kin tambaye ni mene ne. Zan faɗa miki, tun da a takarda ne ba ido da ido ba.

Akwai dawaki. Kullum da sassafe dawakin sukuwa shida suna wucewa ta gaban ƙofar da nake gadi, ana kai su kogi wanka. Tun ranar da takardarki ta farko ta zo nake kallon wutsiyoyinsu. Har na zaɓi wanda ya dace, wani farin ingarma mai wutsiya har ƙasa. Kullum sai in ce gobe.

Kin san gidan da na fito. Ubana bai taɓa miƙa hannu ya ce a ba shi ba. Shekarar babban fari na zauna a sansanin rabon hatsi, na ga dattawan da ake sauka daga raƙumi don a gaishe su sun shiga layi da kwano a hannu, ni ma na shiga. Ranar da na fita daga wurin na ce na gama roƙo har abada. Raƙuma sun tafi, takobin ma ya tafi, abin da ya rage mini shi ne bakin nan da ba ya cewa don Allah a ba ni. Abin kasuwa zan saya, kaina a ɗage. Amma wa ke kasa gashin wutsiya a kasuwa? Sai dai ka tare baƙo a hanya. In ka ce ya sayar maka ma zai ce ɗauka kyauta, roƙon dai ke nan. Shi ya sa na aiko miki da roba, na aiko miki da saniya, ina sane.

Yau da safe na fita na tsaya a tsakiyar hanya. Mai kula da dawakin wani Bazabarme ne, dattijo, sunansa Tinni. Na gaishe shi, na tambayi gida, na tambayi gajiya, na sake tambayar gida. Na sake komawa kan gajiya.

Ya ce, "Mai rawani, lafiya? Wata da watanni kana kallon dokina ta baya, har na ce ko aurensa za ka nema."

Na ce 'yar'uwata ce take son izga, za ta ɗaura goge. Na ce don Allah.

Ya yi dariya har ya dafa wuyan dokin. "Izga? Wannan da kullum in na taje su nake sharewa in zubar? Haba bawan Allah, ai da ka yi magana!"

Ya zaro wuƙa, ya ɗaga wutsiyar farin, ya yanko daga ciki inda ba a gani, ya auna da hannunsa kamu biyu har da ƙari. Ya ce in gaida mai gogen. Duka abin bai kai shan kofin shayi ɗaya ba. Suka wuce kogi, na koma kan bencina da gashin a hannu, na kasa ɗaga kai har mota ta yi ta ƙaho a bakin ƙofa.

Na kai tasha da kaina, na danƙa wa direban da zai wuce Arlit, ya yi alkawarin sa ta a hannun wanda zai shigo wurinku. Ki yafe mini. Ki ce wa Tamumun ta zage ni yadda ta ga dama.

Ƙanenki,
Emud


Iferwan, 20 ga Oktoba, 1987

Zuwa ga taubashina Emud,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, da fatan ƙafa ta lafa. Ruwa ya yi kyau bana, rijiyoyi sun cika. Yara lafiya. Tamumun ta rasu ranar shida ga wata, mun binne ta kusa da Inna.

Izgar ta iso ranar takwas ga Satumba. Na sami Tamumun kwance, na sa mata a hannu. Ta murza, ta kai hanci, ta ce, "To, wannan doki ne." Na karanta mata takardarka duka. Da na kai wurin da ka tsaya a hanya kana ta gaisuwa ta yi dariya har ta yi tari, ta ce, "Jikan Kawela ne kam. Kakarsa ma da yunwa za ta kashe ta, sai ta ce ta ƙoshi." Ba ta zage ka ba.

Kwana uku na yi ina ɗaurawa. Tana kwance tana kallo, ta sa na kwance sau biyu. Rana ta huɗu na ja baka a kan tsarkiyata, ta rufe ido ta saurara, ta ce in matso.

Hannunta ya riga ya mutu, ba ta iya riƙe baka. Sai na jingina ta da kafaɗata, tana gunjin taken a maƙoshi, tana buga mini gwiwa da yatsa ɗaya inda zan canja. Sai a ranar na san taken ƙofa uku ne da shi, wato kashi uku. Ta farko fitar ayari, ta biyu jiran mai tafiya, ta uku dawowa. Na yi zaton ganin halin da take ciki za ta yi sauri. Ina! "Sake" ɗin nan tana nan daram. Kwana goma muka yi a ta farko. Ta biyu ta fi wuya, ja ne mai tsawo da ba a son hannu ya yi rawa, nawa kuwa rawa yake. Rana ta tara a kan ta biyun na ga numfashinta ya canja, na ce, "Iya, ki gunja mini ta ƙarshe ko sau ɗaya, in riƙe a kunne."

Ta ce, "Ta biyun ma sai yau kika fara yin ta kamar mutum. Kada ki haɗa su su cakuɗe miki. Gobe da hantsi."

Washegari da hantsi na zo, harshenta ya yi nauyi. Kwana shida ta yi, ido a buɗe, babu magana, babu gunji. Kullum sai in zauna in goga mata biyun. In na kai ƙarshen ta biyu sai in ga yatsanta yana motsi a kan bargo, yana tafiya, yana tsayawa, yana tafiya. Na san ta ukun take yi. Na sa ido, na sa hannuna ƙarƙashin nata, na yi duk abin da zan iya. Ban gane komai ba, Emud. Motsin yatsa ba ya ƙara.

Ka ce in yafe maka. Na yi fushi da kai kwana da kwanaki, har na ɗauko takarda sau biyu na mayar. Amma da na rubuta maka a Maris cewa tana mutuwa, da ka tsaya a hanyar nan tun a Afrilu, na sani. Kai ka ji nauyin roƙo, ni na ji nauyin faɗar gaskiya, ita ta ji nauyin Inna. Duk mun riƙe mutuncinmu, babu wanda ya zubar da nasa. Na yafe, kai ma ka yafe mini.

Ilyas, da yake jin kunyar gogena a da, shi ne yanzu yake zuwa ya zauna daga nesa yana saurara. Ya ce in ƙirƙiri ƙarshen da kaina, wa zai sani? Na gwada rana ɗaya. Abin da ya fito nawa ne, ba na Inna ba, na bari. Na fara nuna wa matarsa yadda ake riƙe baka, izgar da ka aiko ta ishi mu biyu. Abin da nake da shi zan ba ta, ba ƙari.

Na gaji ƙwarai, amma ina so ka zo. Ka nemi hutu wurin maigidanka, in ya kama ka roƙe shi, ai yanzu ka san bakin yana iyawa. Ka zo ka zauna a tabarmar Inna in goga maka. Za ka ji ayari ya fita, za ka ji Inna tana jira. Daga nan zan ɗaga baka in ajiye a cinya, don iyakar abin da ni da kai muka tsira da shi ke nan. A gogena Baba ba ya dawowa.

Taubashiyarka,
Tekna